Kafso ba ya sauke teɓa

'Yan uwana matasa, wata magana ta yaɗu a tsakaninmu, wai da zarar ka riƙe koren shayi ko kana haɗiyar kafson sinadarin folifenol da aka tatso daga tsirrai, ka tsira daga teɓa da ciwon suga. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ƙarin gishirin da aka yi mata shi ke cutar da mutane.

Abin da likitoci ke kira metabolik sindrom matsaloli biyar ne masu tafiya tare: kitse da ya taru a ciki, hawan jini da ya kai 130/85, sukarin jini da ya kai miligiram 100 a kowace desilita ta jini kafin a karya, yawan kitse a cikin jini, da ƙarancin kolestarol mai amfani. Wanda ya haɗa uku ya shiga sahu. Tun 1988 wani likita a Amurka, Gerald Reaven, ya bayyana cewa tushen abin shi ne jiki ya daina amsa kiran insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, yadda ya kamata. Ba zazzaɓi, ba jiri. Kana ɗan shekara talatin, kana jin ƙarfi, alhali hanyar ciwon suga da bugun zuciya ce ake share maka a hankali.

To, ina folifenol ya shigo? Sinadarai ne da tsirrai ke yi don kare kansu daga zafin rana da ƙwari, an gano sama da iri 8,000. Su ne ke ba shayi bauri, su ne launin baƙin inabi, suna cikin kofi, albasa, ɓawon tuffa, wake, man zaitun da hatsin da ba a surfe ba. Suna taimaka wa jijiyoyin jini su saki, suna rage kumburin cikin jiki, wasu kuma suna rage saurin shigar sukari cikin jini bayan cin abinci. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, kaɗan ne daga cikinsu ƙaramin hanji ke tsotsewa. Mafi yawa sai sun gangara babban hanji, ƙwayoyin bakteriya sun farfasa su, kafin jiki ya amfana. Shi ya sa mutum biyu za su ci abu ɗaya, amfanin ya bambanta. Kuma waɗannan bakteriya da dusar hatsi da ɓawon 'ya'yan itace suke rayuwa, wato abin da kafso ya zubar.

Mai sayar da kafso ba zai gaya maka wannan ba. A 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi cewa shan miligiram 800 ko fiye a rana na sinadarin EGCG, wani nau'in folifenol da ake tatsowa daga koren shayi, yana da alaƙa da alamun lahani a hanta. Shayin da aka dafa aka sha kamar kullum bai shiga gargaɗin ba. Ka ga ke nan tacewa da tattarawa ba su ne ƙarin lafiya ba.

Sai ku masu zuba cokali huɗu na sukari a shayi kuna cewa magani kuke sha. Haba! Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, kusan ƙananan cokula 12, kuma kwalbar lemo ɗaya ta kusa cinye su. Haka cakulan mai zaƙi: sukarinsa da kitsensa sun rinjayi ɗan folifenol ɗin da ya rage. Ruwan 'ya'yan itace da aka matse ma bai kai cin ɗan itacen ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2002 ya nuna cewa masu dab da kamuwa da ciwon suga, da aka sa su rage kimanin kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58. Ban san kafson folifenol da ya kawo irin wannan sakamako ba. Ku ci ganye da 'ya'yan itace aƙalla giram 400 a rana, ku sauya launi, ku taka da ƙafa, ku je a auna jini da suga ko da ba ku jin komai.

'Yan uwa mata, musamman masu ƙarancin jini, baurin shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, don haka a bar tazarar kamar awa ɗaya tsakaninsu. Wanda kuma likita ya riga ya ɗora a kan maganin hawan jini ko na suga, kada ya ajiye shi don ya fara shan koren shayi, kuma ya sanar da likitan duk wani kafso da yake haɗiya.