Alhaji mai fasfo biyu, don Allah ka rage mana murya

Na saurari saƙon muryar nan da ake ta turawa a zaurukan WhatsApp tun shekaranjiya, kuma maganar gaskiya rashin kunya ce tsagwaronta. Kun san wanda nake nufi, ba sai na kama suna ba. Mutum ya samu matasa sun taru a wurin walima a Agege, ya zaro fasfo na wata ƙasa daga aljihun babbar riga yana kaɗa shi, wai ƙasar nan ba za ta kai labari ba, duk mai hankali ya nemi mafita tun kafin zaɓen 2027. Bai ko haɗiye yawu ba ya juya yana ce wa yaran nan kada su yarda a taka su a Legas, in an taɓa ɗaya duk su fito su nuna su ma maza ne. To ranka ya daɗe, wanne za mu ɗauka? Mu gudu ne ko mu tsaya mu yi faɗa? Ko rabon aiki ka yi mana, kai ka hau jirgi mu kuma mu tari sanda?

Kafin 'yan kanzagi su cika mini akwati da saƙo, ku ji da kyau. Ba fasfon ne ya dame ni ba. Doka ta ba shi dama. Sashe na 28 na kundin tsarin mulkin 1999 bai hana wanda aka haifa ɗan Najeriya riƙe shaidar zama ɗan wata ƙasa ba, in ya ga dama ya tara guda biyar ya jera su a falo. Kuɗinsa ne, kuma ban tambaye shi inda ya samo ba. Abin da na ƙi shi ne mutumin da ya riga ya tanadi ƙofar fita ya zo yana koya mana yadda ake kunna wuta a cikin gida. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to wannan tsuntsun sai da ya sayi lema sannan ya fara kuka.

Bari mu ɗan yi lissafi, tunda shi bai yi wa yaran ba. Irin wannan fasfo na tsibiran Karebiyan, su Dominika da Girenada da Sent Kits, saye ake yi, kuma tun 2024 ƙasashen suka daidaita cewa ba za a sayar da shi ƙasa da dala 200,000 ba. Ban da kuɗin lauya, ban da kuɗin binciken asali, ban da na mata da yara. Ku tambayi 'yan canji nawa ke nan a naira tun da aka saki darajarta a watan Yunin 2023, za su ce muku magana ake ta wajen naira miliyan 300. Yanzu wa yake ba wannan shawarar? Yaron da ke tura baro a Mile 12? Mai gyaran takalmi a Obalende? Maigadin da ke kwana a bakin ƙofar wani gida a Lekki? Ko ɗan okadan da aka hana shi manyan tituna tun 2022 yake ta laɓe-laɓe a lunguna? Mutanen da ko koren fasfonmu na gida sai sun yi adashi kafin su iya biya, su ake ce wa su nemi mafita. Allah ya saka da alheri, Alhaji, shawara ta yi kyau matuƙa.

Mu da muka tashi a garin nan ba labarin rikici ake ba mu ba. Ketu da Mile 12 a Nuwamban 1999. Ajegunle a 2000. Idi-Araba a Fabrairun 2002. Mile 12 kuma a Maris ɗin 2016. Fagba lokacin tarzomar da ta biyo bayan EndSARS a 2020. Ku gaya mini, a cikin waɗanda suka kwana a filin barikin soja da tabarma da yara suna kuka, mutum nawa ne masu biza a aljihu? Wanda aka ƙona wa rumfa, wanda aka yanka wa shanu, wanda ya hau bayan tirela da kayan jikinsa kawai ya nufi Arewa, duk talakawa ne. Manyan kuwa waya suke bugowa daga Abuja ko Dubai suna tambaya ko ƙura ta lafa. In ta lafa su dawo, a yi taron sulhu, a ɗauki hoto da kwamishina, su ne a sahun gaba.

Shi ya sa nake nanatawa: mai ƙofar fita ba shi da bakin zuga mutane. Ka yi shiru ka riƙe fasfonka, ko ka mayar da shi ka zo mu zauna tare komai ya faru ya same mu tare. Ba a haɗa biyun.

Wani ya rubuto mini wai hassada ce ke damuna. Na ji, hassada ce, sai ka ba ni amsar tambayata. Wani kuma, wanda na ɗauka ya fi haka sani, ya ce ai hijira sunna ce. Malam, ka ji tsoron Allah ka koma ka sake karanta tarihin. Sahabban da ake gallaza wa aka fara turawa Habasha. Da lokacin Madina ya yi, sahabbai suka riƙa fita kaɗan-kaɗan, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana nan a Makka har sai da yawancinsu suka tsira, sannan ya fita da Sayyidina Abubakar. Shugaba ne ya fita a ƙarshe. Ina wannan ina mutumin da ya riga ya kai iyalinsa waje ya bar 'ya'yan wasu da huɗubar jarumta? Kada ku jawo addini cikin wannan cinikin, don Allah.

Kuma shi kansa fasfon da ake yi mana ɗagawa da shi, ba garkuwa ba ce yadda ake zato. A Yulin 2023 Birtaniya ta wayi gari ta ce 'yan Dominika sai da biza, kuma dalilin da ta bayar shi ne wannan sayar da fasfon. A Afrilun 2025 kotun Tarayyar Turai ta ce tsarin da Malta ke sayar da nata ya saɓa doka. Ƙasar da ka sayi takardarta ba ka taɓa kwana a cikinta ba, ba ka san sunan unguwa ko ɗaya ba, ranar da manya suka matsa mata lamba ba za ta tsaya maka ba. Mu ma ai mun san halin baƙunta. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, iyayenmu da kakanninmu 'yan kasuwar goro da shanu da yawa suka dawo hannu rabbana bayan shekaru aru-aru a zango. A 1983 mu ma muka rama a zamanin Shagari, har jakar nan ta "Ghana Must Go" ta samo sunanta. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, ɗalibanmu da ke Khartum da wannan koren fasfon da ake rainawa aka loda su a motoci zuwa iyakar Masar. An sha wuya, an yi kwanaki a hamada, amma gida aka kawo su.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba Alhajin ba ne, abin da maganarsa ke haifarwa ne. Shi ya yi surutunsa ya shiga mota ya tafi. Yaro kuwa ya koma ɗaki ya kasa barci. Akwai wani a layinmu, yaron kirki, ya sayar da babur ɗinsa, ya sa mahaifinsa ya jinginar da gona a gida, ya miƙa wa wani ejan wai za a samo masa aikin kula da tsofaffi a Ingila. Takardar da aka ba shi ta bogi ce, ejan ya kashe waya, ofishin ma da aka je an tarar da mai sayar da katifa a ciki. Babu wanda ya gaya wa yaron cewa tun Maris ɗin 2024 Ingila ta hana masu wannan aikin tafiya da iyali, kuma a 2025 ta rufe ɗaukar sababbi daga waje. Wanda bai da ko kuɗin ejan kuma sai ya kama hanyar Agadas zuwa Libiya, kuma duk mun ga abin da aka riƙa yi wa baƙaƙen fata a can a 2017. Tsoron da mai kuɗi ya shuka, a jikin talaka yake tsirowa.

Ban ce babu abin tsoro ba. Na ga yadda sojoji suka kifar da Bazoum a Nijar a Yulin 2023, aka rufe iyaka, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke neman abinci a nan suka rasa yadda za su aika gida. Ina sayen shinkafa, ina shan mai tun da aka cire tallafi, na san yadda rayuwa ta koma. Wanda ya samu karatu ko aiki na halal a waje ya tafi, Allah ya ba da sa'a, ya riƙa tunawa da na baya. Likitocinmu da ke tafiya ma ban zarge su ba, ko da yake mu ne ke shan layi a asibiti. Sharaɗina ɗaya ne tak, kuma shi nake ta faɗa tun ɗazu: in ka shirya tafiya, kada ka bar mana ashana a hannun yara.

Wallahi akwai abin da ya fi wannan buƙatar bakin manya. Akwai gidajen Hausawa a Agege da suka haura shekara ɗari, tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa. Yaro a haife shi a nan, ubansa a nan, kakansa a nan, yana jin Yarbanci fiye da wasu masu garin, amma ranar neman gurbin karatu ko aikin gwamnati a ce ya kawo takardar asalin ƙaramar hukuma. A nan a ce masa baƙo ne, ya je Kano ko Katsina a ce ba a san gidansu ba. Wannan yaron ko shaidar gari ɗaya bai gama samu ba, ana yi masa wa'azin ƙasa biyu. Da Alhaji ya kashe rubu'in kuɗin fasfon nan wajen bin wannan magana tare da sarakunan Hausawa da 'yan majalisa, da na fi kowa yi masa kirari.

Af, tunda ana maganar ƙasa biyu, masu zagin Bukayo Saka a gidan kallon ƙwallo don ya zaɓi Ingila, ku sarara wa yaron nan haka. A Landan aka haife shi, can ya tashi, can aka koya masa ƙwallon. Ademola Lookman ma can aka haife shi, har ya buga wa matasan Ingila, ya dawo ya sa mana koriyar riga ya zama gwarzon Afirka na 2024, kuma ban ji wanda ya tambaye shi takardar ƙaramar hukuma ba. Mai gidan kallon layinmu kuma, in kana karantawa, ka gyara janaretan nan kafin Asabar, ba za mu sake biyan kuɗi mu kalli rabin wasa ba.