Daɗewa kan sitiyari bai isa ba

Mutane da dama suna zaton wanda ya shekara goma yana tuƙi ba ya buƙatar malami idan ya sayi motar tsere ta hannu. Zato ne mai hatsari.

Ɗauki Porsche 911. Injinta a baya yake, don haka yawancin nauyinta yana kan tayoyin baya. Direban da ya saba da ƙaramar mota, idan ya tsorata a tsakiyar kwana, ɗage ƙafa yake yi daga totur. A Porsche 911, yin hakan farat ɗaya na tura nauyi gaba, tayoyin baya su saki kwalta, bayan motar ya juyo. Malami a filin horo zai sa ka ji wannan sulɓin a wurin da babu abin karo, har ƙafarka ta koyi haƙuri.

Na'urar ESC, wadda ke taka birki da kanta idan mota ta fara sulɓi, tana taimakawa, amma ba ta ƙara wa taya riƙo. Ga shi motar hannu kan zo da tsofaffin tayoyin da robarsu ta taurare, ko da zanensu bai cinye ba. Duba lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan haruffan DOT a gefen tayar: 2318 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na 2018.