Kullen korona da masu shan maganin ƙwaƙwalwa: abin da na gani a gidanmu

Duk sanda aka tada zancen korona a Maraɗi, masallatai ake tunawa, da kasuwa, da lakwal da aka rufe a Maris ɗin 2020. Ni kuwa Kawuna nake tunawa, ƙanen mahaifiyata. Shekaru ya yi yana shan haloperidol, ƙwaya ƴar ƙarama da ke riƙe masa hankali. Da ita yake noma, da ita yake zuwa sallah, baƙo ba zai taɓa cewa yana da larura ba.

Daga Katsina ake sayo masa, don ya fi sauƙin kuɗi. Tun Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta zama sai da dabara. Da annoba ta zo, mu ma muka rufe tamu. Maganin ya fara ƙarewa, Kawu ya koma raba ƙwaya biyu, daga baya ya daina bai faɗa wa kowa ba. Kafin azumin shekarar ya raba, barci ya ƙaurace masa, yana fita tsakar dare yana magana shi kaɗai. Maƙwabta suka ce iska ce. Na ce masa, "Kawu, ina maganinka?" Ya ce, "Ɗana, ai na warke." Allah Ya sani, kalmar nan har yau tana yi mini ciwo, don irin wannan magani ba a yanke shi haka kwatsam, ciwon ne ke dawowa, wani lokaci fiye da da.

A Oktoban 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin ƙasashe 130 da ta tambaya, kashi 93 cikin ɗari aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ya samu tsaiko. A 2022 kuma ta ce damuwa da ciwon baƙin ciki sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar, kuma matasa da mata abin ya fi taɓawa. A Faransa an ga ƙarin sayen maganin barci da na kwantar da hankali, a Amurka an ga ƙarin ƴan mata da likitoci ke rubuta wa maganin baƙin ciki. Can dai likita ne ya rubuta, farmasi ta ba da, aka ƙirga.

Mu nan fa? Matashinmu ma ya shiga damuwar. Ɗan kabu-kabu ya rasa fasinja, ɗan ci-rani ya rasa hanya, ɗalibi ya zauna gida sama da wata biyu. Amma ba wurin likita ya nufa ba. Wurin mai tallar magani ya tafi, wanda ke yawo da tire a kai, ya sayi tramol ko diyazefam ya koma fada ya haɗa da shayi. Wannan ba ya shiga littafin kowa. Na san yara biyu a unguwarmu da suka fara a lokacin, har yanzu ba su rabu da ita ba.

Tsofaffi kuwa nasu ya fi ban tausayi. An ce musu su ne cutar ta fi kashewa, an hana su jam'i, an rage musu zuwa biki da ta'aziyya, wanda shi ne rayuwarsu. Tsohuwa ta kasa barci, sai jika ya sayo mata ƙwayar barci da kyakkyawar niyya. Bai san jikin tsoho ba ya fitar da irin wannan magani da wuri ba, yana kawo jiri da ruɗewa da faɗuwa. Tsohuwa ta faɗi a banɗaki ta karye, a ce tsufa ne. Yara masu farfaɗiya da ke shan gardenal su ma in ya yanke kwana kaɗan, faɗuwar ta dawo.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ba mu ɗauki darasi ba. A Yulin 2023, da Sedeyawo, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta saka mana takunkumi, iyaka ta sake rufewa, magani ya sake wuya, muka sake shiga zullumin da muka sani.

Ni a ganina, mai shan irin wannan magani daidai yake da mai ciwon suga ko hawan jini. In za a rufe hanya, a fara da tanadar masa na wata uku, a ajiye shi a likitocin ƙauye kada sai mutum ya taso daga Dakoro ko Mayahi ya zo birni. Malamanmu kuma su taimaka su faɗa a wa'azi cewa addu'a da shan magani ba sa faɗa da juna, don maganarsu ce aka fi ji.

Kawu ya samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma sai da ya rasa damina guda. Yanzu a ɗakin Inna ake ajiye maganinsa, ita ke ba shi bayan isha'i, ni kuma duk ƙarshen wata nakan je in ƙirga abin da ya rage.