Likita mai neman ƙwarewa ya san cuta, amma an koya masa asibiti?

Likitan da ya shiga horon neman ƙwarewa yana shafe shekaru yana koyon gane cuta, da rubuta magani, da riƙe wuƙar tiyata, amma da wuya a zaunar da shi a nuna masa yadda asibitin da yake aiki a ciki yake tafiya: wa ke karɓar jinin da ya ɗiba, ta ina sakamakon yake dawowa, kuma hannun wa yake shiga idan ya dawo bayan shi ya tashi daga aiki. A ganina wannan babban giɓi ne, domin sau da yawa majinyaci yana cutuwa ne a daidai inda kulawarsa take barin hannun wani zuwa hannun wani.

A shekarar 1999 wani rahoto na Cibiyar Likitanci ta Amurka ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ne ke mutuwa duk shekara a asibitocin ƙasar sakamakon kuskuren aiki. A wannan shekarar ce kuma hukumar ACGME, mai tantance horon likitoci masu neman ƙwarewa a can, ta tsayar da ginshiƙai 6 da ake son kowane likita ya samu, ciki har da iya aiki a cikin tsarin kiwon lafiya, da bibiyar aikinsa domin ya gyara shi. Rubuta haka a takarda ba wuya, koyar da shi ne aiki.

A dubi lokacin miƙa aiki da yamma. Likitan rana ya gaji tiɓis, yana tsaye a bakin ƙofa yana yi wa na dare bayani, ya ce mai gado na huɗu ya samu sauƙi, ya manta bai ambaci cewa an aika jininsa ɗakin gwaji ba. Sakamakon ya dawo tsakar dare yana nuna ƙoda ta fara gazawa, amma babu mai jiransa. Duk cikinsu babu wanda bai san aikinsa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya bi shirye-shiryen horon likitocin yara 9 a Amurka da Kanada, inda aka koya wa masu neman ƙwarewa tsarin miƙa aiki mai suna I-PASS: a faɗi tsananin ciwon, a taƙaita tarihinsa, a lissafa abin da ya rage a yi da matakin da za a ɗauka idan jiki ya rikice, sannan mai karɓa ya maimaita abin da ya ji. Kurakurai sun ragu da kashi 23 cikin 100, cutarwar da za a iya kauce mata ta ragu da kashi 30, kuma miƙa aikin bai ƙara cin lokaci ba.

Sai dai takarda ita kaɗai ba ta gyara komai. Jerin abubuwan dubawa a ɗakin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ya rage mace-mace daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100 a asibitoci 8 da aka fara gwada shi, amma da lardin Ontario na Kanada ya wajabta irinsa, binciken da ya biyo baya bai ga wani canji na a zo a gani ba. Abin da na fahimta shi ne, wanda aka tilasta wa cike fom zai cike shi ne kawai, wanda aka horar kuwa zai tsaya ya tambayi ma'aikaciyar jinya ko an ƙirga audugar da aka yi aiki da ita kafin a ɗinke ciki.

Masu cewa waɗannan likitoci aiki ya riga ya yi musu yawa suna da gaskiya, kuma saboda haka ne bai kamata a ɗora musu wannan a matsayin ƙarin lacca ba. A ware musu lokaci a cikin sa'o'in aikinsu, a ba kowannensu matsala guda ta sashensa, kamar jinkirin ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya auna ta, ya gwada gyara tare da masu jinya da masu harhaɗa magani, ya sake aunawa. Nauyi mafi girma kuwa yana kan manyan likitocin da ke koyarwa, domin ƙaramin likitan da ya ga an ci mutuncin abokinsa a taron bitar mace-mace saboda ya bayyana kuskure, to nasa kuskuren ba zai taɓa kai rahotonsa ba.