Ranar da Laftof Ɗina Ya Tona Mini Asiri

Ɗan yayata ya zo hutu gidanmu a Ƙofar Marusa, ya same ni ina duba imel, sai ya taɓe baki. "Kawu, har yanzu GNOME kake fama da shi?" GNOME, wai, shi ne tsarin fuskar allon laftof ɗina. Ni dai abin da na sani babbar manhajar Ubuntu ce a cikin injin, kuma manhajar imel ta Evolution na kawo mini saƙonnin dillalan da nake saro atamfa a wurinsu a Kantin Kwari. Kafin La'asar ya ɗora mini wani tsarin fuskar allon mai suna KDE Plasma, ya kuma canja mini kalmar sirrin shiga ta hanyar sudo, wato umarnin da ke ba mutum ikon shugaban injin, wai tawa ta tsufa. Duk inda aka nemi tsohuwar ni nake bugawa, ina kare madannan da hannun babbar rigata, shi kuwa yana dariya.

Allo ya yi kyau, ba ƙarya. Amma ina buɗe imel sai wani ɗan akwati ya faɗo yana neman kalmar sirri. Na ba shi sabuwar, ya ce ba ita ba. Na soke, sai Evolution ya nemi ta imel ɗin kanta. Na buga, na sa alamar ya tuna, washegari ya sake tambaya ko kunya babu. Can kuma KWallet, ma'ajin kalmomin sirri na KDE, ya leƙo, wai in buɗe sabon asusu a wurinsa.

Sai da yaron ya sha bincike kafin ya gane kan abin. Ashe Evolution ba ya riƙe kalmar sirri da kansa, miƙa ta yake wa ma'aji. A GNOME ma'ajin shi ne GNOME Keyring, a KDE kuma KWallet. Na zama mai uwar adashe biyu ke nan: zubina yana hannun ta farko, ta biyu tana miƙo hannu in fara sabo. Ita ta farkon ta kulle komai a wani fayil mai suna login.keyring. Da can makullinta da kalmar shigata iri ɗaya ne, ina shiga take buɗewa shiru, shi ya sa ban ma san da zamanta ba. Da aka canja kalmar shiga ta ƙofar sudo, ba wanda ya sanar da ita, tana nan riƙe da tsohuwar.

Ya ce ko dai a goge fayil ɗin, duk abin da ke ciki ya bi ruwa, ko in koma manhajar imel ta Thunderbird mai ajiye nasa a aljihunsa, ko kuma a buɗe Seahorse, manhajar kula da GNOME Keyring, a daidaita makullan. Na zaɓi na ƙarshe. Sai dai Seahorse ma tsohuwar kalmar yake so tukuna.

Na rufa da hannun riga na buga. Ta ƙi. Na sake, a hankali, harafi-harafi. Ta ƙi. Yaro ya ce, "Kawu, ina zargin madannan ne. Tsarin Amurka da na Ingila sun bambanta, inda wannan ke ba da @ wancan alamar zance yake bayarwa. Buga ta a Kate mu ga abin da ke fitowa."

Kate kuwa manhajar rubutu ce, ba ta san ɗige-ɗigen rufin asiri ba. Na buga, sai ga sunan wata yarinya 'yar Daura da na nema tun ina saurayi, ɓaro-ɓaro a tsakiyar allo, har da shekarar. Yaron ya yi gaskiya, alamar zance ce ta fito a maimakon @. Ya daka tsalle yana murnar ya kamo ɓarawo. Ni kuwa sai na ji ƙarar ajiye kwanon fura a bayana.

"Malam, wannan ba ita ce ta Daura ba?"

Na fara jawabi a kan tsarin madannan Ingila. Uwargida ta ce ba shi ta tambaya ba.

An gyara madannai, Seahorse ya karɓi tsohuwar kalma, ya nemi sabuwa. Sai uwargida ta ja laftof ɗin gabanta, ta kare da gyalenta ta buga wadda take so. Ta sa yaron ya nuna mata inda ake canja ta shiga da ta KWallet, duka ukun ta mayar iri ɗaya. Tun ranar akwatin nan bai sake faɗowa ba, imel na shigowa lafiya lau. Sai dai in zan kunna injin, sai na aika ƙaramar 'yata kicin ta ce wa mamanta Baba na roƙon a zo a buɗe masa.