Ɗinke leɓe ba ya ɗinke zuciyar uwa

A ɗakin haihuwa babu abin da ya kai shiru ciwo. Jariri ya faɗo, ya tsala kuka, amma maimakon a yi wa uwa barka sai ma'aikata su shiga kallon-kallo, a naɗe shi da sauri, tana tambaya "Lafiya dai ko?" babu mai tanka mata. Matar da ta haifi yaro mai tsagaggen leɓe ko tsagaggiyar ganɗa ba ta manta wannan ɗan lokaci. A ganina a nan ne kulawa ta kamata ta fara, tun kafin a yi zancen tiyata.

Lalurar ba baƙuwa ba ce. Kusan jariri 1 cikin 700 ake haifa da ita a duniya. Leɓen sama yana haɗewa ne tsakanin mako na 4 da na 7 na ciki, ganɗa kuma, wato rufin baki, tsakanin mako na 6 da na 9. Mata da yawa a lokacin ba su ma tabbatar suna da juna biyu ba. Gado yana da hannu, shan taba da ciwon sukari da wasu magungunan farfaɗiya suna ƙara haɗarin, amma sau da yawa likita ba zai iya nuna dalili guda ba. Duk da haka uwa ce ke shan tuhuma: me ta ci, me ta kalla, ko ta fita lokacin husufi. Wannan camfi na husufi ya zagaya nahiyoyi, kuma ko'ina a kan mace yake sauka. Kalma ɗaya daga bakin ma'aikaciyar jinya, "Ba laifinki ba ne, kuma ana gyarawa," ba ta cin ko sisi.

Ƙungiyoyin agaji masu tallafa wa tiyatar tsagaggen leɓe da ganɗa, irin su Operation Smile, da aka kafa a Amurka a 1982, da Smile Train da ta biyo baya a 1999, sun yi aikin da ba a raina shi. Inda nake da ja shi ne yadda aka saba tallata lamarin: hoto biyu, na kafin aiki da na bayan aiki, kamar an gama ke nan. Mai ba da gudummawa ya ji daɗi ya wuce, iyali kuwa yanzu suka ɗauki hanya.

Kafin a kai ga ɗinke leɓe, yawanci jariri na wata 3 zuwa 6, sai an yi fama da shayarwa. Yaron da ganɗarsa ke buɗe ba ya iya zuƙo nono da ƙarfi. Yana tsotsa yana gajiya, abin da ya samu ya dawo ta hanci, uwa ta zauna da shi tsakar dare ta miƙar da shi zaune, tana matsa kwalba mai laushi a hankali, tana lissafin ko ya ƙoshi. Ganɗa ana ɗinke ta kafin wata 18. Daga nan sai ciwon kunne da ke iya taɓa ji, sai haƙoran da ke fitowa a karkace, wasu kuma a yi musu dashen ƙashi a dasashi wajen shekara 8 zuwa 12. Ga magana: iska na sulalewa ta hanci, yaro ya yi niyyar cewa "baba" a ji "mama". A gida abin dariya ne mai daɗi. A aji, gaban yara talatin, shi ne ke sa ya daina ɗaga hannu.

Za a ce inda tiyatar ma ba ta wadata ba, zancen lallashin zuciya almubazzaranci ne. Ban yarda ba. Uwar da kunya ta sa ta ɓoye ɗanta a ɗaki ba za ta kai shi asibiti ba, ko da kyauta ake yi. Jaririn da ba a koya wa uwarsa dabarar ciyar da shi ba zai rame, likita kuma ba ya yi wa ramammen yaro aiki. Ashe ƙarfafa gwiwa yana cikin abin da ke kai yaro teburin tiyatar.

Wanda ya fi iya wannan aiki ba lallai ne mai farar riga ba. A Birtaniya, iyaye da ma'aikatan lafiya ne suka haɗu suka kafa CLAPA, ƙungiyar tallafa wa masu tsagaggen leɓe da ganɗa, a 1979, kuma har yau tana haɗa sabbin iyaye da waɗanda suka riga su shiga. Uwar da ta ga yaro ɗan shekara goma da ɗan tabo a leɓe yana surutu yana tsalle ta samu amsar da takardar asibiti ba ta bayarwa. A sa uba a ciki, don shi ba a cika tambayarsa yadda yake ji ba, sai dai ya haɗiye.

Fafutuka kuma a bar wa masu tabon su ja ragamarta. Baligin da ya sha tiyata tun yana goye ya san zafin a zura masa ido a mota, ya san yadda ake sa shi maimaita sunansa sau uku a wajen neman aiki. Shi ya kamata a zaunar a teburin da ake tsara kasafi, ya faɗi cewa mai koyar da furuci da mai ba da shawara su shiga lissafi tare da likitan fiɗa, kuma a nemi yardar yaro kafin a manna fuskarsa a allon talla.