Wai masana na murɗe alƙaluman zafin teku?

Duk lokacin da aka ce masana sun gyara tsofaffin alƙaluman zafin teku sai ka ji wasu na cewa ai dama mun sani, maguɗi ne kawai don a tsorata mutane da sauyin yanayi. Ni kam ban yarda ba, kuma hujjata guga ce.

Da can matuƙan jirgin ruwa guga suke zurawa su ɗebo ruwan teku, a jawo shi sama sannan a tsoma ma'aunin zafi. Na katako aka fara, daga baya aka koma na tamfol, shi kuma ruwa na tsattsafowa ta jikinsa iska na bugunsa, kafin a karanta ruwan ya huce. Wanda ya taɓa shan ruwan randa da azahar ba sai an yi masa bayani ba. To lokacin yaƙin duniya na biyu jiragen Amurka suka fi yawa a aikin, su kuma a bututun da ke kai ruwa inji suke awo, wajen da ɗumi, ana gama yaƙi a 1945 jiragen Ingila suka dawo da gugansu sai takarda ta nuna wai teku ya yi sanyi da kusan digiri 0.3 farat ɗaya. Teku na nan yadda yake fa, mai awon ne ya canza, kuma sai a 2008 aka gano bakin zaren. A bar wannan a haka kenan don kar a ce an taɓa?

A 2015 hukumar NOAA mai kula da teku da yanayi ta Amurka ta daidaita awon jirage da na na'urorin da ke yawo a kan ruwa, don awon na'urorin na gaza na jirage da kusan digiri 0.12. Aka yi ca a kanta, har ɗan majalisa Lamar Smith ya nemi a miƙa masa wasiƙun ma'aikatan. A 2017 wasu masana daban suka gwada da tauraron ɗan Adam da na'urorin Argo masu nutsewa mita 2,000, lissafin NOAA ya tsaya daram.

Abin da masu zargin ba sa faɗa, gyaran guga ɗaga tsofaffin alƙaluman ya yi sama. Wato da an bar su yadda aka rubuta su, ɗumamar duniya tun ƙarni na 19 da ta fi wadda ake faɗa mana yanzu yawa.